Fuskar Ƙanwar Umma a Allon Kwamfuta

Doya ce ta tsayar da ni a Gonin Gora ranar. Muna dawowa daga wani biki a Abuja, direba ya gangara gefen titi kamar yadda suka saba, masu lemo da ayaba suka yanyame motar. Na sauka na nufi wata dattijuwa da ta jera doyarta kashi-kashi a ƙarƙashin laima. Ni kuwa in dai ciniki ne ba ni da ta ido, ko kakata ce a bakin kayan sai na yi mata tayin wulaƙanci. Na taya, na gyara tsayuwa ina jiran tsiyar da masu doya suka iya, sai na lura matar ba ta ma ji abin da na ce ba, bakina kawai take kallo. Na yi dariya don in kore abin. Tana ganin wushiryata ta saki doyar da ke hannunta, ta faɗi ta tsage biyu.

"Yarinya, don Allah, wace ce mamanki?"

Kafin in ba ta amsa ta ambaci wani suna. Sau ɗaya na taɓa ganin sunan nan a duniya, a jikin wata tsohuwar takardar firamare da na tsinta a ƙasan akwatin mahaifiyata ina ƙarama, na kuma sha dukan da ya hana ni sake tambaya. Direba yana ta danna oda, fasinjoji suna mita, ni da mai doya muna tsaye muna kallon juna. Ƙanwar Umma ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Umma 'yar kudancin jihar nan ce, a gidan Kiristoci aka haife ta. Tana budurwa ta zo Kaduna aikin masaƙa a Kakuri, a nan ta haɗu da Babanmu, ta musulunta, suka yi aure. Mahaifinta ya ce ba shi ba ita. Da mahaifiyarsu ta rasu, wannan ƙanwar aka aiko har ƙofar gidanmu a Unguwar Mu'azu ta gaya mata an ce kada ta zo jana'iza. Rabonsu da juna ke nan, sama da shekara arba'in. Daga baya rigingimun da garin ya sha suka ƙara raba kowa da kowa, mai gida nan ya sayar ya koma can, mai gida can ya dawo nan, har ya zama unguwar da keke zai kai ka cikin rabin awa ta fi wata ƙasa nisa. Umma ba ta ma san ƙanwarta ta baro ƙauye ta dawo garin ba.

Mu da muka taso, Hajiya muka ji ana ce mata. Ta shiga Islamiyya har ta sauke, ta koma tana biya wa matan unguwa karatu, ta je Makka ta dawo. Abin da ya fi duk wannan, ita ce mai wankan gawa. Duk macen da ta rasu a layinmu da layukan baya, Umma ake aika wa tun kafin a sanar da dangi na nesa. Tana da bokitinta na musamman, da sabulu da turare da ƙyalle a cikin wata jaka da ba wanda ke taɓawa. A unguwa irin tamu ba a miƙa wa mace gawa sai an yarda da addininta ciki da bai. Yarenta kuwa, ban taɓa jin ko kalma ɗaya a bakinta ba.

Na karɓi lambar 'yar mai doyar, don ita Anti, kamar yadda na koma kiranta, ba ta riƙe waya. Mako uku na yi da maganar a ciki tana ci na. Ranar da na iya furta ta ina yi wa Umma kitso ne, don na san a lokacin ba za ta iya juyowa ta kalle ni ba. Na gama kitson ta sa min albarka kamar kullum. Sai bayan kwana uku, na zo gaishe ta ina shirin komawa gidana, ta ce, "Auta, ashe tana da rai."

"Tana da rai, Umma. Tana kuma son ganinki."

"In ga fuskarta tukuna. Ranar da ta zo ƙofar gidan nan ƙasa take kallo har ta gama magana ta tafi. Ban sani ba ko kunya ce ko ƙiyayya. In na ga fuskarta zan gane."

Abin da ke gabana ke nan: tsofaffin nan biyu su haɗu tun suna da rai, ba tare da Yaya ya ji ba. Yayanmu shi ne babba, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, shi ne kuma ladanin masallacin layi. Ba mugu ba ne, amma yana tsoron bakin mutane fiye da yadda yake tsoron maciji. Yana yaro an sha ce masa ɗan tubabbiya, ya sha dambe a kai har da fashewar baki, tun daga nan duk abin da ya shafi asalin Umma ba ya son ko jin warinsa.

Muka gwada kiran bidiyo a ɗakinta da wayata. Umma tana da yana a ido. Ta kai wayar har hancinta, ta janye, ta karkata ta, ƙarshe babban yatsanta ya katse kiran tun Anti ba ta gama gyara zama ba. Ta miƙo min ta ce wannan ai leƙen mutum ne ta ramin mukulli. Ga jikoki suna shiga suna fita, kowanne da kunne kamar na zomo.

A nan na tuna da aminiyata.

Tun ajin farko na sakandare muke tare. Ita ta zauna da ni a asibiti haihuwata ta fari, ni na raka ta gidan miji, ni kuma na taya ta kwaso kaya da auren ya mutu. Tuwon Umma kuwa ta ci shi ba adadi. Tana da shago a Barnawa inda ake buga takardu da katin biki, ake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. A kan teburinta akwai wata kwamfuta ta girke mai faffaɗan allo, na kuma sha ganin tana haɗa wayar amare da ita, duk abin da ke fuskar wayar ya fito ɓaro-ɓaro a allon, amarya da ƙawayenta su zaɓi katin da suke so ba sai sun haɗa kai kamar masu cin kwano ɗaya ba. Ban da shagon tana da wani shafi a intanet da take wa'azin zaman lafiya, tana zuwa tarurruka a otal-otal da kati rataye a wuya. Nakan tsokane ta in ce ga sarauniyar sulhu ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta kasa shiryawa da mai shagon baya a kan hayaƙin janareta. Sai ta yi dariya ta ce hassada ce ke damuna.

Na zayyana mata komai, tun daga doyar da ta tsage. Ta yi kuka har da majina. Na ce, "Ke, sirrin Umma ne fa, ba nawa ba."

"Haba ƙawata! Ni za ki gaya wa? Ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ki kawo ta ran Asabar, zan rufe shagon."

Ran Asabar da hantsi na ce wa Yaya zan kai Umma asibitin ido. Da kansa ya tare mana keke, har yana ja wa mai keken kunne kada ya yi gudu da ita. Muka tarar aminiyata ta sallami kowa. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Umma, ta goge mata kujera da gefen mayafinta.

Haɗa wayar bai zo da sauƙi ba. Ta shiga can cikin hanjin wayata, wuraren da ban san akwai su ba, ta danna wani rubutu sau bakwai kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma, ta soka igiya, allon bai ko motsa ba. Ta zare ta sake, shiru. Sai ta leƙa ta kira maƙwabcinta, wani Ibo mai gyaran waya da ke zuwa daga Sabon Tasha. Ya ɗaga igiyar ya kalla ya yi tsaki.

"Madam, dis kebul na caji kawai e sabi, ba ya ɗaukar data. Bari in kawo nawa."

Ya kawo, ya ce wa Umma "Sannu Hajiya," ya fita bai tambayi komai ba. Ana sokawa sai wata 'yar tambaya ta fito a wayata, wai na yarda wannan kwamfutar ta ga abin da ke ciki? Aminiyata ta ce in danna. Da yatsana na danna, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba.

Sai ga wayata a kwamfuta, tsaye, doguwa kamar allon karatu, da hoton 'ya'yana a fuskarta. Na ja yatsa a ta hannuna, ta can ma ta motsa. Umma ta kalli wannan ta kalli waccan ta ce, "Ikon Allah. To wacce ce uwar, wacce ce 'yar?" Muka yi dariya mu uku.

A ƙasan allon daga gefe akwai wani jan ɗigo da ke ƙyaftawa. Na nuna na ce, "Wannan fa?"

"Alamar sun haɗu ce. Kada ki taɓa, sai ya katse." Ta ɗauki jakarta ta dubi Umma. "Mama, bari in ba ku wuri."

Ta fita ta ja mana ƙofa, ta zauna a benci a waje. Wallahi a raina har na yaba mata. Na ce kai, tarbiyya ta yi rana, ga mai shago ta bar shagonta don kada ta ji abin da ba a kira ta ba. Mu haka muka taso: in mutum ya tashi ya ba ka wuri, to magana ta zama taka, ba mai ji sai Allah. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutum zai fita ya bar idonsa da kunnensa a kan tebur ba.

Na juya wayar a kwance, na jingina ta da wani damin takardu, na kira. Fuskar Anti ta cika allon, har ana ganin tsagar kumatunta da jijiyoyin wuyanta. Ta ci ado da zanenta na zuwa coci, a bangon bayanta akwai gicciye na katako. A can kusurwa, cikin wani ɗan akwati, ga Umma 'yar ƙarama da hijabinta ruwan toka.

Umma ta jawo kujera, ta ƙara jawowa, har sai da numfashinta ya yi gumi a gilashin. Ta ɗaga hannu ta shafa allon daga goshi zuwa haɓa. Anti ta kira sunan nan, Umma ta amsa. Daga nan ban ƙara gane komai ba, don yarensu suka juya, yaren da na ɗauka ya mutu a bakin Umma ashe kwance yake. Muryarta ma ta sauya, ta yi sama-sama, ta koma ta yarinya mai rawar kai. Suka yi kuka, suka yi dariya, suka yi abin da na tabbata faɗa ne, suka sake dariya. Hijabin ya zame, ɗankwalin ya bi shi, furfurarta ta fito, ba ta damu ta gyara ba tunda daga ni sai ƙanwarta. Can Anti ta ɗauko wata waƙa a hankali, ta kai tsakiya ta kasa ci gaba, sai Umma ta karɓa ta ƙarasa mata.

A keke muna komawa take gaya min waƙar da mahaifiyarsu ke yi ce a hanyar coci ran Lahadi, ƙaramar a goye, ita kuma riƙe da bakin zane. Ta ce, "Ba ibada na yi ba, Auta. Fuskar uwata ta ɓace min tuntuni, muryar ce kawai ta rage, a cikin waƙar nan take." Sannan ta ce kunya ce, ba ƙiyayya ba, ta gani da idonta. Sun kuma tsayar da rana, Alhamis ta sama, za ta je Gonin Gora da kanta, don zumunta a ƙafa take. Ta sa na sayo atamfa turmi ɗaya da turaren wuta, na ɓoye a gidana.

Kwana uku muka yi cikin wannan farin cikin. Ran Talata ina ofishin malamai a makarantar da nake koyarwa, ina duba littattafan yara, wata abokiyar aiki ta miƙo min wayarta.

"Malama, wannan ba Hajiyarku ba ce?"

Ita ce. An ɗauko ɗan akwatin nan na kusurwa an faɗaɗa shi, an jera fuskokin biyu gefe da gefe, Anti da gicciyenta, Umma kai a buɗe tana waƙa tana hawaye. An sa wani kiɗa mai ban tausayi a ƙasa, an rubuta dogon bayani a kan zaman lafiya da 'yan'uwantaka, har da sunan unguwarmu, har da cewa Hajiyar mai wankan gawa ce. A gefe ga tambarin shafin aminiyata. Jan ɗigon nan ashe naɗa yake yi, hoto da murya, tun daga gaisuwa har bankwana.

Kafin la'asar bidiyon ya fi ƙarfin mai shi. Wasu suka yanke bayanin zaman lafiyar suka bar waƙar kaɗai, suka rubuta a sama wai ga Hajiyar da ta koma coci a ɓoye. A ɗaya ɓangaren wasu suka sa nasu rubutun, wai ɓatacciya ta dawo gida bayan shekara arba'in, a taya da godiya. Kowa ya ja Umma zuwa rumfarsa, ba wanda ya tambaye ta. Bidiyon ya shiga guruf ɗin matan Islamiyya, ya shiga na masallaci, ya shiga na dangin mijina.

Ban san yadda na isa Barnawa ba. Na same ta gaban kwamfutar tana amsa saƙonni, fuskarta fes. Da ta ga idona sai murmushin ya daskare.

"Ƙawata, tsaya ki ji. Wallahi alheri na nufa. Kin ga yadda mutane ke kuka a ƙasan bidiyon? Kirista, Musulmi, kowa da kowa. Abin da garin nan ke buƙata ke nan. An ma kira ni daga wata ƙungiya, wai suna son in je in yi jawabi."

Na ce, "Jan ɗigon nan, da na tambaye ki, me kika ce min?"

Ta sunkuyar da kai tana juya biro a hannu.

"Da na gaya miki ai ba za ki yarda ba."

Duk abin da ta faɗa ranar, wannan ne ya fi ci na, har yau kuma shi ke ci na. Da kuskure ne, da hannunta ne ya zame, da na yi fushina na huce, don ni zafina na kara ne. Amma ta san ba zan yarda ba. Ta sani tun tana durƙushe tana gaisuwa, ta sani tana goge kujera, ta sani lokacin da ta ja mana ƙofa ni kuma ina yaba mata a zuci kamar wawiya. Kusan shekara talatin ina buɗe wa mace cikina, ta duba ta ga abin da na fi tsoro a duniya, ta ɗora a faifai ta fita talla. Cin amana ne, ba shi da wani suna, kuma dama an ce da ɗan gari akan ci gari.

Ta ce za ta goge yanzu-yanzu. Na ce ta goge me, a wayar wa? Magana ma zarar bunu ce, balle wadda aka haɗa da hoto. Na gaya mata maganganun da ba zan rubuta a nan ba, har mai gyaran waya ya leƙo yana cewa, "Madam, sofri sofri, a hankali don Allah." Tun daga ranar ban sake taka shagon ba. Duk Sallah sai ta turo saƙo, ina ganin sunanta ya fito sai in kife wayar. Ana ta ce min in yafe, ai Allah ma muna yi masa laifi. Nakan ce ba ni aka yi wa ba, ni tsani kawai aka yi da ni.

A gida na tarar da Yaya tsaye a tsakar gida yana jirana. Bai ɗaga wa Umma murya ba, ni ya sauke wa kwandon.

"Asibitin ido ko? To madalla, ido ya buɗe, duniya ma ta gani."

Da gaske kuwa ƙarya na yi masa. Ya ce ya tashi zai kira sallar la'asar ya ji ana ƙus-ƙus a bayansa, kamar ya koma ɗan shekara goma. A kwanakin nan mata suka riƙa shigowa wai sun zo duba jikin Hajiya, alhali ba wanda ya ce musu ba ta da lafiya. Sai su zauna suna gaisuwa, idonsu yana yawo a bangon ɗakin.

Ran Juma'a bayan la'asar Yaya ya shigo da liman da dattawa biyu falo, aka saki labule, aka ce Umma ta zauna a bayansa. Yaya ya ce don a rufe bakin mutane, a kuma samu shaidu, yana roƙonta ta maimaita kalmar shahada. Liman kansa kunya ta kama shi, sai gyaran murya yake yana cewa, "Hajiya, mu mun san ki, wallahi mun san ki, don masu surutu ne kawai." Ina zaune kusa da ita jinina yana tafasa. Matar da ta biya wa matansu Fatiha, wadda ta wanke mahaifiyar limamin nan da hannunta. Na buɗe baki zan yi magana ta dafa gwiwata. Ta faɗi kalmar a nitse, harafi-harafi, ta fi su iya fitar da ita. Sannan ta ce, "Malam, akwai saura?" Sai muka ji suna neman takalmansu.

Na ɗauka an wuce wurin. Ran Litinin da safe wata tsohuwa ta rasu, gida biyu ne tsakaninmu. Ranar ban je makaranta ba, ina gidan Umma muka jiyo salati ta kan katanga. Umma ta tashi ta yi alwala, ta sauko da jakarta, ta ɗauraye bokitin, ta sa hijabi ta zauna a bakin gado tana jiran a aiko. Rana ta ɗaga, aka yi azahar, muka ji an fita da makara. Daga wani layi aka ɗauko mai wanka. Umma ta cire hijabin ta ninke, ta mayar da jakar inda take, ta ce in ɗora mata ruwan shayi.

Ran Laraba na zo da atamfar a leda na ce, "Umma, gobe ne fa."

Ta daɗe tana shafa ledar. "Ki kai mata. Ki ce ba fushi nake ba."

"Umma, ai abin da za a faɗa an riga an faɗa. Me ya rage?"

"Ya rage a gan ni a ƙofar gidanta, a ce ai ga shi. Ke yarinya ce, Auta, ni na kusa. In na mutu wa zai wanke ni? Wa zai tsaya a kaina?" Ta kai idonta kan kwanukan da ke kife a bakin ƙofa. "Yarinyar nan, a gidan nan ta ci tuwo."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa game da aminiyata ke nan.

Ran Alhamis ni kaɗai na sauka a Gonin Gora. Laimar tana nan amma ba doya a ƙarƙashinta, Anti ba ta fito kasuwa ba. 'Yarta ta tarye ni ta bi da ni ta wani lungu zuwa ɗakinsu. A hanya take gaya min su ma sun sha nasu. Wasu mata sun zo wa Anti da guɗa da rawa wai taya murna, ta kore su da tsintsiya, ta ce yayarta za ta gani, ba ganima aka kawo musu ba. Duk da haka ba ta fid da rai ba, tun asuba take kan ƙafa.

Tun daga ƙofa na ji ƙamshin miya. An share ɗakin har an yayyafa ruwa. An kirɓa sakwara an rufe a kula. Kazar da ke cikin miyar, in ji 'yarta, sai da Anti ta ɗauke ta da ranta ta kai wa wani mahauci Musulmi a bakin titi ya yanka, don kada yayarta ta yi ɗari-ɗari da naman. A kusurwa ga sabuwar buta cike da ruwa, ga darduma da ta aro wurin wata mai fura. Gicciyen ba ya bango, sai ƙusarsa. A ɗaya bangon kuwa, can ƙasa-ƙasa, an ja wani layi da gawayi. Ta tambayi mahaucin ina ake kallo in za a yi salla, ya biyo ta ya nuna mata, ta yi alama don kada ta manta.

Anti ta amsa gaisuwata amma ba ni take kallo ba, bayana take leƙe. Na miƙa mata atamfar da turaren, na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni. Ta karɓa ta ɗora a cinya ba ta buɗe ba.

"Ƙafarta ce? Ko idon?"

"A'a, Anti."

"To. Na gane."

Muka zauna, miya tana hucewa. Can ta leƙa waje ta dubi rana ta ce, "Lokacin sallarku bai yi ba? Tashi ke ki yi, 'yata, kada a ce aron banza na yi." Na yi alwala da butar, na fuskanci layin gawayin, na yi azahar ɗin da har yau ban san me na karanta a cikinta ba. Ina jin ta a bayana tana jan hanci.

Damina biyu ke nan yanzu, ba su haɗu ba. Nakan je duk wata, in kai gaisuwa in kawo gaisuwa, kuma duk zuwana sai ta leƙa bayana kafin ta ce min sannu da zuwa. An mayar wa mai fura dardumarta, gicciyen ya koma kan ƙusarsa. Bara da mai gidan haya ya turo a yi wa ɗakunan fenti, Anti ta bar kasuwa ta tsaya a kan mai fentin, sai da ya kewaye layin gawayin ya bar mata shi.